Yadda Ake Gane Kalmomin Turanci Masu Amsa-amo Ɗaya, da Yadda Ake Riƙe Ma'anarsu

Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da matasa masu gwada rubuta waƙa da Turanci, suna yawan neman a ba su jerin kalmomin da suka yi amsa-amo da juna tare da ma'anarsu. Jerin yana da amfani, kuma za ka samu mai yawa a nan ƙasa. Amma wanda ya haddace jeri kawai, ranar da aka kawo masa kalmar da ba ta ciki sai ya tsaya cak. Abin da ya fi shi ne ka iya gano amsa-amon da kanka, ka kuma gina naka kundin. Ga matakan bi da bi.

Kayan aiki

Littafin rubutu mai fallaye 60 wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba. Biro kala biyu, shuɗi da ja. Ƙamus mai nuna alamomin furuci, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary. Tsohon bugu da ake samu wurin masu sayar da littattafai na hannu ya wadatar, domin furucin waɗannan kalmomi bai canza ba. Sai waya mai intanet, saboda shafin Oxford da na Cambridge kyauta suke, kuma kowace kalma akwai maɓallin da za ka taɓa ka ji yadda ake faɗinta. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na littafi da biro da ɗan data ba. Ƙaramin ƙamus na aljihu wanda ba ya nuna furuci ba zai yi maka wannan aiki ba, ko da arha ne.

Mataki na 1: Ajiye ma'aunin waƙar Hausa

A rubutacciyar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ake dubawa. "Duniya" da "gaskiya" sun amsa wa juna tunda duka sun ƙare da "ya". Turanci ba haka yake aunawa ba. Kowace kalmarsa tana da gaɓar da ake danna ta da murya fiye da sauran, wadda malamai ke kira *stress*. Amsa-amo yana farawa ne daga wasalin gaɓar ƙarshe da aka danna, ya tafi har ƙarshen kalma. Duk sautin da ke tsakanin nan dole ya zama iri ɗaya, baƙin da ya zo kafin wasalin ne kaɗai zai bambanta.

Shi ya sa *happy*, mai farin ciki, da *lucky*, mai sa'a, ba su yi amsa-amo ba, duk da cewa kunnen Bahaushe zai ce sun yi. Gaɓar farko ake dannawa a cikinsu, kuma wasulanta sun sha bamban. *Nation*, ƙasa, tana tafiya da *station*, tasha, da *education*, ilimi. Ba ta tafiya da *motion*, motsi. Abokan *motion* su ne *ocean*, teku, da *lotion*, man shafawa, da *notion*, ra'ayi.

Gargaɗi: kada ƙarshe irin *-tion* ko *-ly* ko *-ing* ya ruɗe ka. *Singing* da *running* ba su amsa ba. *Singing* da *ringing* da *bringing* su ne 'yan gida ɗaya.

Mataki na 2: Koyi karanta abin da ke tsakanin sanduna biyu

Bayan kowace kalma a ƙamus akwai rubutu tsakanin sanduna biyu masu karkata. Shi ne furucin. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukansa a lafazin Ingila kusan 44 ne: wasula 20, baƙaƙe 24. Haruffa biyar na wasali ba za su iya ɗaukar sauti ashirin ba tare da rikici ba, kuma daga nan duk wahalar ta taso.

Ba sai ka haddace alamomin gaba ɗaya a rana guda ba. Abu biyu za ka fara ganewa. Ɗan gajeren layi a sama, ˈ, yana zuwa kafin gaɓar da ake dannawa. Ɗigo biyu, ː, suna nuna dogon wasali. Daga nan aikin kwatantawa ne: buɗe kalma ta farko, kwafi furucinta da jan biro, buɗe ta biyu, kwafa a ƙarƙashinta, sannan ka duba daga wasalin da aka danna zuwa ƙarshe. *Height* /haɪt/ ce, *light* /laɪt/ ce: sun amsa. *Weight* kuwa /weɪt/ ce, don haka duk kamar da take yi da *height* a takarda, ba su haɗu ba.

Mataki na 3: Raba littafin gida-gida

Kowane shafi gida ɗaya ne na sauti. A saman shafi rubuta alamar sautin da ja, tare da kalma guda da ka tabbata ka iya faɗinta daidai. Ja layi biyu ka raba shafin uku: kalma, ma'ana da Hausa, gajeriyar jimla. Kada ka jera shafukan bisa haruffa, bisa sauti za ka jera. Fara da waɗannan gidaje, domin kalmominsu kullum ana cin karo da su:

Gidan /aɪt/: *light* haske, *night* dare, *fight* faɗa, *write* rubuta, *right* dama ko daidai, *white* fari, *bite* cizo, *kite* shirwa, *height* tsayi, *tight* matsattse.

Gidan /eɪt/: *late* makara, *wait* jira, *weight* nauyi, *eight* takwas, *plate* faranti, *great* mai girma, *straight* miƙaƙƙe, *fate* ƙaddara, *date* kwanan wata ko dabino.

Gidan /ed/: *bed* gado, *red* ja, *head* kai, *bread* burodi, *said* ya ce, *dead* matacce, *thread* zare.

Gidan /ʌn/: *sun* rana, *son* ɗa, *one* ɗaya, *won* ya yi nasara, *done* an gama, *none* babu ko ɗaya, *run* gudu, *gun* bindiga.

Gidan /əʊ/: *go* tafi, *know* sani, *though* ko da yake, *sew* ɗinki, *toe* yatsan ƙafa, *hoe* fartanya, *throw* jefa.

Gidan /uː/: *blue* shuɗi, *shoe* takalmi, *true* gaskiya, *two* biyu, *chew* tauna, *through* ta cikin, *few* kaɗan, *queue* layi.

Gidan /ɜːd/: *bird* tsuntsu, *word* kalma, *heard* ya ji, *third* na uku, *herd* garke.

Gidan /eə/: *hair* gashi, *hare* zomo, *wear* sa tufafi, *care* kula, *share* raba, *chair* kujera, *air* iska, *heir* magaji.

Gidan /ɪə/: *ear* kunne, *fear* tsoro, *near* kusa, *here* nan, *hear* ji, *spear* mashi.

Dubi yadda sauti ɗaya ke zuwa da rubutu huɗu ko biyar a gida ɗaya. Ja layi da jan biro ƙarƙashin duk kalmar da rubutunta ya fita daban da na 'yan gidanta, kamar *said* da *sew* da *heir*. Su ne masu jarrabawa suka fi so.

Gargaɗi: gidaje biyun ƙarshe mutane da yawa suna cakuɗa su. *Hair* ba ta amsa wa *hear*, *chair* ba ta amsa wa *cheer*. Ba su shafuka masu fuskantar juna domin ka riƙa karanta su tare.

Mataki na 4: Keɓe shafuka don kalmomin da ke yaudarar ido

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci mafi yawa. Akwai kalmomin da ƙarshen rubutunsu ɗaya ne sak, amma baki ba ya fitar da su iri ɗaya. Babbar mai laifi ita ce *ough*, wadda take rarrabuwa zuwa gidaje da dama:

*rough* kaushi, *tough* tauri, *enough* isasshe: suna tafiya da *stuff*, kaya.
*cough* tari, *trough* kwamin shayar da dabbobi: suna tafiya da *off*.
*plough* garma, *bough* reshe: suna tafiya da *cow* saniya, *now* yanzu, *how* yaya.
*though* da *dough*, kwaɓaɓɓiyar fulawa: suna tafiya da *go*.
*through*: tana tafiya da *blue*.
*thought* tunani, *bought* ya saya, *fought* ya yi faɗa: suna tafiya da *caught* ya kama, *taught* ya koyar.
*drought*, farin da ke hana damina: ta bar su duka ta koma wajen *out* da *shout*, ihu.

Bayan ita sai waɗannan rukunoni. Rubuta kowane a shafinsa, ka raba shi gida-gida:

*Love* so, *dove* kurciya, *glove* safar hannu, *above* sama da, gida ɗaya ne. *Move* motsa da *prove* tabbatar, wani gida ne. *Stove* murhu da *drove* ya tuƙa, gida na uku.

*Food* abinci yana tare da *mood* yanayin zuciya, da *rude* marar ladabi. *Good* mai kyau yana tare da *wood* itace, *stood* ya tsaya, *could* da *should*. *Blood* jini da *flood* ambaliya suna tare da *mud*, taɓo.

*Comb* mataji yana amsa wa *home* gida da *foam* kumfa. *Tomb* kabari da *womb* mahaifa suna amsa wa *room* ɗaki da *broom* tsintsiya. *Bomb*, bam, ba ya cikin ko ɗaya. Abokinsa sunan nan ne *Tom*.

*Heard* mun gan ta tare da *bird*. *Beard* gemu tana tare da *feared*, ya ji tsoro. *Heart* zuciya kuma tana tare da *part* sashe, *start* fara, *cart* amalanke.

*Break* karya, *steak* yankan nama, suna tare da *take* ɗauka, *lake* tafki, *ache* ciwo. *Speak* magana, *weak* marar ƙarfi, *leak* yoyo, suna tare da *week* mako.

*Daughter* 'ya tana amsa wa *water* ruwa da *slaughter* yanka. *Laughter* dariya, wadda harafi ɗaya tak ya raba ta da *slaughter*, tana amsa wa *after*, bayan.

*Done* tana tare da *sun*, *bone* ƙashi tana tare da *stone* dutse da *loan* rance, *gone* ya tafi tana tare da *on*. *Paid* ya biya tana tare da *made*, ba da *said* ba.

Mataki na 5: Soke haruffan da ba a furtawa

Idan ka shigar da kalma mai harafin da ba a faɗi, soke harafin da siririn jan layi. Da ka soke shi za ka ga gidan kalmar a fili. *Debt* bashi, ba a furta b, sai ta koma wajen *wet* jiƙaƙƙe, *sweat* gumi, *threat* barazana. *Doubt* shakka ta koma wajen *out*. *Climb* hawa ta koma wajen *time* lokaci. *Sign* alama ta koma wajen *line* layi da *mine* nawa. *Reign* mulki ta koma wajen *rain* ruwan sama da *pain* zafin ciwo. *Sword* takobi, ba a furta w, tana tare da *board* allo da *cord* igiya. *Receipt* rasit tana tare da *meat* nama, *wheat* alkama, *feet* ƙafafu. *Half* rabi da *calf* maraƙi suna tare da *laugh*.

Wasu kuma ba soke harafi zai fisshe ka ba, sai dai ka haddace su ɗai-ɗai. *Bury* binne tana amsa wa *very* da *ferry*, jirgin fito. *Quay*, wurin da jirgin ruwa ke tsayawa, daidai take da *key*, makulli. *Suite* daidai take da *sweet*, ba ruwanta da *suit*, kwat, wadda ke tare da *fruit* da *root*, saiwa. *Colonel* tana amsa wa *journal*, mujalla. A nan Hausa ta taimake ka, domin "kanar" da muke faɗi ya fi kusa da furucin gaskiya fiye da rubutun.

Mataki na 6: Kula da -ed da -s

Wannan mataki shi ke ninka yawan kalmominka ba tare da ka koyi sabuwa ba. Idan aikatau ya ƙare da sautin p, k, f, s, sh ko ch, to *-ed* ɗinsa t ake furtawa. Saboda haka *missed* ya rasa tana amsa wa *list* jeri da *fist* dunƙulallen hannu. *Passed* ya wuce tana amsa wa *last* da *fast*. *Packed* ya tattara tana amsa wa *fact*. *Guessed* ya cinka tana amsa wa *best* da *chest*, ƙirji. Bayan wasali da sauran baƙaƙe d ake ji: *played* da *made*, *cried* ya yi kuka da *side* gefe. Sai bayan t ko d kaɗai ake ƙara sabuwar gaɓa, kamar a *wanted* da *needed*.

Haka *-s*. Bayan wasali da baƙaƙe irin b, d, g, m, n, l, z ake furtawa: *days* da *praise* yabo, *knows* da *nose* hanci, *eyes* idanu da *size* girma da *wise* mai hikima. Bayan p, t, k, f kuma s ce: *socks* safa da *box* akwati.

Gargaɗi: s da z a ƙarshe gida biyu ne, kuma ma'ana tana canzawa da su. *Price* farashi, *rice* shinkafa, *ice* ƙanƙara, daban. *Prize* kyautar gasa, *rise* tashi, daban. *Peace* zaman lafiya da *piece* yanki ba sa amsa wa *please* da *cheese*.

Mataki na 7: Gyara wuraren da harshen Hausa ke ja

Hausa ta san dogon wasali da gajere. Shi ke raba gashin kai da gashin nama. Matsalar ita ce a Hausa dogon wasali ba ya zama cikin gaɓar da baƙi ya rufe. Wasalin ƙarshen "gida" dogo ne, amma da ka ce "gidan" ya gajarce. Bakinka zai so ya yi wa Turanci haka, sai *sheep* tunkiya ta zama *ship* jirgin ruwa, *feel* ta zama *fill*, *seat* ta zama *sit*, *fool* wawa ya zama *full* cikakke, *leave* ta zama *live*. Duk inda ka ga ɗigo biyu a ƙamus, ja wasalin da gangan ko da baƙi na biye.

Na biyu, baƙin ƙarshe. Musayar p da f a farkon kalma ba ta ɓata amsa-amo, *pan* da *fan* 'yan gida ɗaya ne. A ƙarshe ne take ɓarna: *leap* tsalle da *leaf* ganye ba su amsa ba, haka *cup* da *cuff*. Haka b da v a *curb* da *curve*. Haka th da muke mayarwa s ko z: *faith* imani ba ta amsa wa *face* fuska, *mouth* baki ba ta amsa wa *mouse* ɓera, *breathe* numfasa ba ta amsa wa *breeze*.

Na uku, yar da baƙi idan biyu sun haɗu a ƙarshe. *Find* ba *fine* ba ce, *cold* sanyi ba *coal* gawayi ba ce, *tent* tanti ba *ten* ba ce. Na huɗu, wasulan *cat*, *cut*, *cart* da *curt* huɗu ne daban-daban, amma bakin da bai saba ba yakan mai da su "a" guda.

Maganin duka ɗaya ne. Saurari kalmar a shafin ƙamus sau uku, ɗauki muryarka a waya kana faɗinta tare da abokiyar rikicinta, sannan ka saurara. In kai kanka ba ka iya bambance wadda ka fara faɗi ba, sake.

Mataki na 8: Kalma ɗaya mai gida biyu

Irin waɗannan sai ka shigar da su a shafi biyu, kowane da ma'anarsa. *Lead* jagoranci tana tare da *need*. *Lead* darma tana tare da *bed*. *Read* ta yanzu tana tare da *seed* iri, ta abin da ya wuce tana tare da *red*. *Tear* hawaye da *fear*. *Tear* yaga da *care*. *Wind* iska da *pinned*; *wind* naɗe da *find*. *Bow* baka da *go*. *Bow* rusuna da *cow*. *Wound* rauni gidanta daban da *wound* ya naɗe, wadda ke tare da *sound* da *ground*. Wani lokaci wurin dannawa ne ke sauyawa: *present* kyauta tana amsa wa *pleasant*, amma *present* gabatar tana amsa wa *invent* da *consent*.

Mataki na 9: Zaɓi lafazi ɗaya ka tsaya a kai

Jarrabawoyinmu lafazin Ingila suke bi. A can ba a furta r idan ba wasali ne ke biye da ita ba, don haka *talk* magana tana amsa wa *fork*, *calm* natsuwa tana amsa wa *farm* gona, *caught* tana amsa wa *court* kotu da *short* gajere. A yawancin Amurka ana furta r ɗin, waɗannan duka ba su amsa ba. *Leisure* lokacin hutu a Ingila tana tare da *pleasure* da *measure* awo, a Amurka galibi tana tare da *seizure*.

Gargaɗi: shafukan intanet masu zubo maka jerin amsa-amo, irin RhymeZone, sun fi karkata ga lafazin Amurka, kuma sukan haɗa da kalmomin da ba wanda ke amfani da su. Ɗauki abin da suka ba ka a matsayin shawara, ka tabbatar da kowace a ƙamus, ka taɓa maɓallin lafazin Ingila. Kada kuma ka wahalar da kanka neman abokan *orange*, *month*, *silver* da *purple*. Cikin kalmomin yau da kullum ba su da cikakken amsa-amo.

Mataki na 10: Ɗaure ma'ana da jimla

Gida ɗaya a rana ya isa, kalma takwas zuwa goma. Wanda ya cika shafi biyar a zama ɗaya, bayan mako ba zai tuna ko rabi ba. Ga kowane gida haɗa jimla guda da ta ƙunshi kalma biyu ko uku daga cikinsa, ka rubuta ma'anarta da Hausa: *The flood left mud and blood*, ambaliya ta bar taɓo da jini. *My son won one*, ɗana ya ci guda. Jimlar ba sai ta yi daɗi ba, muddin ta riƙe sauti da ma'ana wuri ɗaya.

Kowace rana kafin ka buɗe sabon shafi, rufe layin Turanci na jiya da takarda, ka dubi Hausar ka faɗi kalmar da ƙarfi. Rana ta bakwai kada ka ƙara komai, bita kawai, kuma a sa wani ya riƙa jefo maka kalma daga ko'ina cikin littafin kana kawo abokanta uku. Idan kalma tana da ma'ana fiye da ɗaya, kamar *right* ko *date* ko *bear*, rubuta biyu mafi yawan amfani ka bar sauran.

Mataki na 11: A ɗakin jarrabawa

Takardar furuci ta WAEC tambaya 60 ce cikin minti 45, ƙasa da minti ɗaya ke nan ga kowace, kuma akwai sashen amsa-amo a ciki. Za a ba ka kalma da zaɓi huɗu. Kafin ka dubi zaɓin, faɗi kalmar a zuciyarka ka tuna gidanta. Sannan ka fara tuhumar zaɓin da ya fi kama da ita a rubuce, domin sau da yawa shi ne tarkon. A ce an ba ka *sew*, zaɓi kuma *few*, *so*, *saw*, *sue*. *Few* ta ja ido, *sue* tana tare da *few*, *saw* gidan *law* take, amsa *so*.

Lura cewa *sew* da *so* furucinsu ɗaya ne gaba ɗaya, har baƙin farko. A jarrabawa irin wannan karɓaɓɓe ne, manhajar JAMB ma ta sa su ƙarƙashin amsa-amo. A waƙa kuwa masana Turanci suna ganin haɗa *sea* da *see* ko *write* da *right* a ƙarshen layi rauni ne, sun fi son baƙin farko ya bambanta, kamar *sea* da *tree*. In kalmar mai gaɓa biyu ce ko uku, nemo wurin dannawa tukuna: *believe* gaskata za ta ɗauki *receive* karɓa da *leave*, *money* kuɗi za ta ɗauki *honey* zuma da *funny*, ta bar *many* da *bony* a gefe.